Daga Dandali Zuwa Waya: Tarihin Zance a Ƙasar Dutse



A bikin 'yar yayana da aka yi bayan ƙaramar salla, a wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa, na shiga cikin gida gaida gwaggonmu, tsohuwar da ta haura tamanin. Ƙawayen amarya sun jeru a gindin darbejiya, kowacce ta sunkuyar da kai a kan wayarta, babu mai ce wa wata uffan. Baffanmu, wato ƙanin gwaggon, ya dube su ya fara karatun da duk muka haddace: yaran yanzu sun lalace, a zamaninsu budurwa ko ido ba ta iya haɗawa da namiji. Gwaggo ta bari sai da ya fita, sannan ta tuntsire da dariya. Ta ce in rabu da shi, wai a dandali duk garin babu wanda ya kai shi rawar kai. Ta ce su sun fi waɗannan yaran ganin samari nesa ba kusa ba, bambancin kawai shi ne su kowa yana ganinsu.

Wannan maganar ce ta hana ni sakat har na zauna rubuta wannan. Mun saba ɗauka cewa tarihin neman aure a ƙasarmu tafiya ce daga tsare zuwa sake: da an kulle, yanzu an buɗe. Ni kuwa da na bi abin daki-daki, sai na ga ba haka ya tafi ba. Samari da 'yan mata sun daɗe suna ganin juna suna zaɓen juna. Abin da ya yi ta raguwa, tsara bayan tsara, shi ne yawan idanun da ke wurin lokacin da ake zaɓen.

Mu fara da zamanin su Gwaggo, wajen shekarun 1950 zuwa 1960, lokacin da Dutse take gunduma a ƙarƙashin Kano. Soyayya a lokacin tana da kakarta kamar yadda gero yake da tasa. Da damina kowa yana gona, babu mai lokacin wani. Sai an yi girbi, an cika rumbu, an auna gyaɗa an karɓi kuɗi, sannan gari yake ɗaukar harama. Idan farin wata ya fito, 'yan mata su taru a dandali su yi gaɗa, makaɗa su zo da kalangu, samari su kewaye wurin. Ba taron kara-zube ba ne. Samari suna da sarkinsu, Sarkin Samari, da 'yan majalisarsa masu kwaikwayon sarautun fada, 'yan mata ma suna da tasu shugabar. Su ke shirya kalankuwa bayan kaka, su ke gayyatar samarin ƙauyen maƙwabta, su ke raba faɗa, su ke cin tarar wanda ya yi rashin ɗa'a.

Saurayin da ya ga wadda ta kwanta masa ba ya buƙatar lambar waya. Kuɗi zai miƙa wa makaɗi a kaɗa taken yarinyar, maroƙi ya ɗaga murya ya ambaci sunanta da nasa. Idan akwai abokin takara, shi ma ya miƙa nasa ya ɗora. Kafin gari ya waye, tsohuwar da ba ta fita ko ƙofar gida ta san wane yana son wance, ta kuma san wanda yarinyar ta yi wa murmushi da wanda ta murguɗa wa baki. Ranar kasuwa kuma wata dama ce. A kasuwa irin ta Shuwarin, yarinya ta ci kwalliya ta ɗauki tallan fura ko ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa, saurayi ya zo ya saye farantin gaba ɗaya ya rabar wa abokai, ita kuma ta sami lokacin tsayawa hira tunda tallan ya ƙare. Uwar da ta ga 'yarta ta dawo da wuri da kuɗi cif ba ta buƙatar a yi mata bayani. A rugagen Fulani da ke kewaye da mu kuwa abin ya fi haka fitowa fili, domin a wurin shaɗi saurayi yake tsayawa a zabga masa bulala a gaban 'yan mata, kuma kada ya kuskura ya motsa.

Akwai kuma al'adar da dattawanmu ba su cika son a tono ba, wato tsarance. Wanda yake shakka ya nemi littafin Baba ta Karo, tarihin rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya daga ƙasar Zazzau, wanda Baturiya Mary Smith ta rubuta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ƙasar Zazzau ce ba tamu ba, amma ka ambaci kalmar a gaban tsoffinmu ka ga yadda za su kau da kai suna murmushi. A tsarance budurwa kan je wurin saurayinta da dare, sau da yawa tare da ƙawa, a raba dare ana hira, wani lokacin har a kwana, bisa sharaɗin ba za a ƙetare iyaka ba. Abin da ke riƙe da sharaɗin shi ne tsoron abin kunya: daren farko yana nan yana jira, kuma yarinyar da aka samu ba budurwa ba ta ja wa gidansu abin faɗa na shekaru. Malamai sun daɗe suna yaƙi da wannan al'ada, kuma ni ban kawo ta don in yabe ta ba. Na kawo ta ne don masu cewa kakanninmu ba su san hira da saurayi ba.

Wani abin lura shi ne gajartar lokacin. Ana aurar da yarinya tana da shekara 13 zuwa 15, don haka daga gani zuwa ɗaurin aure da wuya ya wuce kaka ɗaya ko biyu. A kai kayan na-gani-ina-so, a yi gaisuwar iyaye, saurayi ya riƙa toshi da salla, ya tara abokansa su yi gayya a gonar surukinsa, a yi baiko, a sa rana. Lefe kuwa sunan kwandon kaba ne da ake zuba 'yan turamen zane a ciki, kafin ya zama sunan jerin akwatunan da ke hana samarin yau barci. Babu wani dogon bincike, domin uban yarinya ya san uban yaro, ya san gonarsu, ya san ko rumbunsu yana kaiwa damina, ya san ko a gidansu ana dukan mata.

Amma kada daɗin labari ya ɗebe mu. Zaɓen dandali ba shi ne kullum yake cin nasara ba. Uba yana iya tashi ya ba ɗan ɗan'uwansa, ko ya yi sadaka da ita ga malami, ko ya ba mai hali da ya girme shi, kuma a fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke bi uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, ikon da ba shi da shi a kan bazawara. Daga nan aka sami yawan yaji da gudu, da 'yan matan da suka shiga duniya ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Gwaggo kanta auren zumunci aka yi mata da farko. Shekara biyu ta yi tana yaji ana mayar da ita, har mijin ya gaji ya sawwaƙe mata. Da ta gama idda, sai ta auri wanda ya riƙa sa a kaɗa takenta a dandali, kuma da shi ta zauna har ya rasu. Mata da yawa na tsararta haka suka yi: auren fari na iyaye, na biyu nasu. Wato 'yancin zaɓe yana nan, sai dai sau da yawa sai an biya shi da aure guda.

Babu wata rana guda da aka rufe dandali. A hankali ya mutu, kuma abubuwa da yawa ne suka taru suka kashe shi a shekarun 1970. Farin 1973 da 1974 ya karya manoma, a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi, kuɗin kaka da ke ciyar da kalankuwa ya ƙafe. A daidai lokacin kuɗin mai ya buɗe birane, ga ƙarin albashin Udoji, sai samari suka riƙa tafiya ci-rani Kano da Kaduna da Legas, suna dawowa da rediyo da agogo da sabon keke, wasu kuma ba sa dawowa sai da salla. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, makaranta ta shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a Jos, wa'azi ya yi ƙarfi ta kowane ɓangare, makarantun Islamiyya suka yawaita, kiɗa da cakuɗuwar maza da mata suka zama abin da mutumin kirki ba ya son a gan shi a ciki. Lokacin da Jigawa ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, a garuruwa da yawa dandali ya riga ya zama filin ƙwallo ko an yanka shi fuloti. Dalilan masu wa'azi dalilai ne masu ƙarfi, ban musa ba. Abin da ban ga an zauna an tattauna ba shi ne: to yanzu a ina yaro zai ga yarinya?

Amsar da zamani ya bayar ita ce zaure da ƙofar gida, kuma nan ne yawancin masu karanta wannan rubutu da suka haura arba'in suka yi nasu yayin. Ka yi wanka bayan isha'i, ka fesa turare, ka ja abokinka ya raka ka. Ka sami yaro ka aika: wai ana sallama da wance. Yaron ya dawo ya ce tana zuwa, ko ya ce wai ta yi barci alhali kana jin muryarta, ka san matsayinka. Idan ta fito, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye fitilar ƙwai a tsakani, ta zauna a gefe tana wasa da bakin mayafi, ƙanwarta na laɓe a bayan ƙyaure tana kwashe rahoto. Ƙaninta yana da haƙƙinsa na kuɗin alewa, kuma wanda ya raina wannan haƙƙin ya ga yadda saƙo yake ɓacewa a hanya. Idan hira ta yi tsawo, sai ka ji maigidan ya yi gyaran murya daga ciki, ko an aiko a karɓi fitila. Idan ka yi wata uku kana sintiri, za a aiko maka cewa in da gaske kake ka turo magabatanka. Idanun sun ragu daga na gari duka zuwa na gida ɗaya da maƙwabta, amma suna nan.

A wannan zamanin ne kuma so ya koyi rubutu. Yaran UPE sun girma sun iya boko, wasiƙa ta zama makami. A yage takarda daga tsakiyar littafin makaranta, a zana fure da kibiya, a ɗiga turare, a ba ɗan aike. Wanda bai iya rubutu ba ya nemi ɗan aji shida ya biya shi, ɗan ci-rani kuma ya ɗauki muryarsa a kaset ya aiko, ko ya tura gaisuwa a shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya zauna yana jiran a ambaci sunanta duniya ta ji. Kalmomin da ake zubawa a wasiƙun kuwa daga Kano suke zuwa. Tun 1980 Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar ga tsoho. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, inda Sumayya 'yar masu kuɗi ta nace wa talaka Muhammad har ta faɗa rijiya don kada a aura mata wanda ba ta so. Littattafan nan sun bi motocin Wudil da Kwanar Huguma sun shigo mana, ana ba da hayarsu kwana ɗaya ɗaya, suna yawo a ɗakunan kwanan 'yan mata na sakandare har bangonsu ya yage. Ga finafinan Indiya, ga na Hausa irin su Sangaya da Wasila da suka biyo baya. Gudun auren dole tsohon abu ne, Gwaggo shaida ce. Sabon abin shi ne yarinya ta sami hujja da kalmomin da za ta tsaya ta faɗa, cewa so haƙƙinta ne tun a auren fari. Ba mamaki da hukumomi suka tsargu, har aka ƙona irin waɗannan littattafai a Kano a 2007.

Dutse kuma tana da nata juyin da sauran garuruwa ba su yi irinsa ba. Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Babangida ta ƙirƙiri Jihar Jigawa, aka wayi gari ƙaramin garin da aka sani da duwatsu da dabino ya zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo daga Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, gidan haya ya yi wuya, garin ya faɗaɗa daga Garu ya miƙa Takur da sauran sababbin unguwanni. A karon farko uba a Dutse ya ga manemin 'yarsa wanda bai san ubansa ba. Mutum ne mai albashi da babur ko mota, yana nan Litinin zuwa Juma'a, da yamma ya kama hanyar Kano, kuma ba kowa ya san ko akwai mata da 'ya'ya a can ba. An yi aurarraki masu albarka ta wannan hanya, an kuma yi waɗanda canjin wurin aiki ya kashe. Saurayi manomi da ke jiran kaka ya ga kasuwarsa ta faɗi a gaban mai karɓar kuɗi duk wata. Bayan gine-ginen zamanin Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, da buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, sai ga dubban samari da 'yan mata daga ko'ina a ƙasar nan suna zama aji ɗaya, nesa da idon kowa nasu.

Sai waya. A 2001 aka fara wayar salula a Najeriya, layi kaɗai yana cin dubban nairori, don haka da farko sai dai a je gindin lema a biya a yi kira. Da ƙananan Nokia suka yi araha, kuma MTN ya kawo kiran dare kyauta daga 12:30 zuwa 4:30 na asuba, sai zance ya tashi daga zaure ya koma ƙarƙashin bargo. Duk wanda ya yi wannan yayin ya san yadda ake gyangyaɗi a aji washegari. 2go ya zo ya wuce, Facebook da WhatsApp suka zauna, TikTok ya iso. Toshi ya koma sayen waya da tura kati da data. Ɗan aike ya rasa aikinsa, gyaran muryar maigida ba ta isa inda ake hirar. Ko ginin ma ya bi sahu: ku duba sababbin gidajen Dutse, get ne da katanga, babu zaure, sai dai a yi zance a falo ko a jikin mota. Yau yarinya tana iya shekara biyu tana soyayya da mutumin da babu wani mahaluki a gidansu da ya taɓa ganin fuskarsa.

Ba zan ce duk asara aka yi ba. 'Yar da ta gama sakandare ko jami'a ta fi kakarta ikon cewa a'a, tana iya sanin halin mutum kafin ta shiga gidansa, kuma yanzu masoya suna maganar gwajin jini tun kafin a kai kuɗi, abin da ya ceci iyalai da yawa daga wahalar sikila. Kuma ba ko'ina ne aka sauya ba. A ƙauyukan Jahun da Miga da Buji har gobe ana talla, ana kwalliyar ranar kasuwa, ana aurar da yarinya da wuri, sai dai yanzu akwai waya a ƙullin zanenta.

Abin da ya fi damuna shi ne tsawon jiran. Zancen da kakanninmu suke gamawa a kaka ɗaya yanzu yana cin shekara huɗu, biyar, shida. Yaro yana jiran ya gama karatu, ya yi hidimar ƙasa, ya sami aiki, ya kama haya, ya haɗa akwatuna. Sadaki mafi ƙaranci yana bin farashin zinare, zinare kuwa ya yi sama. Uban yarinya shi ma yana jiran ya haɗa gado da kujeru da kayan kicin, ga anko, ga dina, ga hotunan kafin biki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin ya ƙara dagulewa. Har gwamnatoci sun shigo aikin da dangi suke yi a da: Kano ta fara auren zawarawa a 2012, kuma a Oktoban 2023 ta aurar da ma'aurata 1,800 a lokaci guda. A cikin wannan dogon jira, babu baiko, babu shaida, babu Sarkin Samarin da zai ci tara, wanda ya fi cutuwa ita ce yarinya. Saurayin dandali da ya sa aka kaɗa taken budurwa sannan ya gudu, sai ya bar garin don kunya. Na waya kuwa layi kawai zai canza, ita kuma ta kori manema uku saboda shi, kuma ba ta da wanda za ta kai wa ƙara tunda babu wanda ya san da zancen.

Kafin in bar gidan bikin, Gwaggo ta sa aka kira mata amarya ta tambaye ta inda ta samo angon. Yarinyar ta rufe fuska ta ce a wani zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Shekara uku suna tare kafin yayana ya ji sunansa, kuma sai da ya tura mutum biyu garinsu suka yi kwanaki suna tambaya a masallaci da majalisar unguwa kafin ya karɓi kuɗin gaisuwa. An dace, yaron kirki ne ɗan gidan mutunci. Gwaggo ta yi shiru tana jinjina kai, can sai ta kira ƙanin amarya, ɗan shekara goma, ta tambaye shi nawa ya ci a hannun angon a shekara ukun nan. Yaron ya ce shi bai taɓa ganinsa ba sai jiya. Ta kwance bakin zaninta ta ciro naira ɗari biyu ta ba shi, ta ce ya je ya sayi alewa.